Gano Lalacewar Bawul ɗin Mayar da Hayaƙi a Motocin Karaye da Rogo

Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba wani ɗan ƙaramin bawul da kan wahalar da direbobi da makanikai a ƙasar Karaye da Rogo, watau bawul ɗin mayar da hayaƙi, wanda masu sana'ar ke kira EGR. Yawancin motocin da ke jigilar mutane da masara da rake a wannan yanki tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da shi. Manufarmu ita ce mu nuna cewa sau da yawa bawul ɗin bai mutu ba, kunkunniya ce ta toshe shi.

Aikin Bawul ɗin

An soma sanya wannan bawul a motocin Amurka a wajen 1973. Dalili kuwa shi ne, idan zafin ƙonewar mai a cikin inji ya haura digiri 1,370 a ma'aunin Salshiyas, iskar naitirojin takan haɗu da oksijin su haifar da gurɓatacciyar iska mai cutar da huhu. Aikin bawul ɗin shi ne ya ɗebo kaɗan daga hayaƙin salansa ya mayar cikin inji, domin zafin ya sauka. Yakan buɗe yayin da mota ke matsakaiciyar tafiya, ya rufe idan tana tsaye inji na aiki a sulo.

Alamomin Lalacewa

Lalacewar iri biyu ce. Idan ya maƙale a buɗe, hayaƙi yakan shaƙe inji a sulo, mota ta riƙa karkarwa, ta mutu da an ɗaga ƙafa daga totur. Idan kuwa ya maƙale a rufe, sai a ji inji yana ƙwanƙwasa, musamman in an yi lodi mai nauyi. Daɗewar mota a tasha inji na aiki ana jiran fasinja, da gurɓataccen mai, da injin da ke shan baƙin mai, duk suna ƙara taruwar kunkunniya.

Hanyar Bincike

Da farko a duba siririn tiyon da ke zuƙo bawul ɗin, domin zafi yakan tsattsage shi. Na biyu, a bari inji ya ɗau zafi, sa'an nan a zuƙi bawul ɗin da famfon hannu inji yana sulo. In inji ya yi tangaɗi ko ya mutu, to bawul yana buɗewa, hanyarsa kuma a buɗe take. In babu abin da ya canja, ko dai bawul ya maƙale, ko hanyar ta toshe. Na uku, a kwance shi a kankare kunkunniyar da ke cikinsa da ta ramin da yake zaune a kai, a mayar da shi da sabon gaskit, a sake gwadawa.

Bawul mai aiki da lantarki kuwa sai da na'urar karanta kwamfutar mota. Amurka ta wajabta wannan tsari a 1996, Turai kuma a 2001 ga motocin fetur. Lamba P0401 tana nufin hayaƙin da ke komawa ya yi kaɗan, P0402 kuma ya yi yawa. Amma lambar ba ta ce bawul ya mutu ba, ta dai nuna inda za a duba ne kawai.

Kammalawa

Kurakurai biyu muke jan hankali a kansu. Na ɗaya, a tura direba Ƙofar Ruwa a Kano sayen wani bawul alhali hanyar ce ta toshe. Ya yi asarar kuɗi da yini guda, cutar kuma tana nan. Na biyu, a toshe bawul ɗin da guntun ƙarfe. Karkarwa za ta tsaya, amma a injin fetur zafi zai ƙaru, ƙwanƙwasa ta ci fistin a hankali, mutanen tasha da na kasuwa kuma su shaƙi gubar. Saboda haka muna ba da shawara iyayen gida a gareji su koya wa yaransu wannan gwaji, kafin su koya musu sauya kaya.