FAYYACEWA: Me ya sa hoton wasan bidiyo ke cika allo amma ɗan wasa ya rasa wani ɓangare?

Duk wanda ya taɓa jona tsohuwar PlayStation 2 da talabijin mai faɗin fuska ya san matsalar: ko dai baƙaƙen sanduna su bayyana a gefe biyu, ko kuma hoton ya miƙe, 'yan ƙwallo su koma gajeru masu ƙiba, ƙwallon kuma ta yi siffar ƙwai. Tushen matsalar shi ne sauyin siffar allo da aka yi, da kuma yadda kamfanonin wasanni suka tunkare shi.

Daga 4:3 zuwa 16:9

Shekaru da dama talabijin na bin ma'aunin 4:3, wato faɗi huɗu a kan tsayi uku. A 1984 injiniya Kerns Powers na Amurka ya ba da shawarar ma'aunin 16:9, domin ya zama tsaka-tsaki tsakanin allon talabijin da na sinima. Idan tsayin alluna biyu ya zo ɗaya, na 16:9 ya fi na 4:3 faɗi da kashi ɗaya cikin uku. Abin tambaya shi ne: me za a zuba a wannan ƙarin fili?

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce miƙe hoton da ƙarfi. Ba a ƙara komai, siffa ce kawai ke lalacewa.

Ta biyu ita ce faɗaɗa abin da ɗan wasa ke hangowa ta dama da hagu. A tsofaffin na'urori, wasan kan zana filin mai faɗi a matse cikin adadin ɗigon hoton da aka saba, sai talabijin ya buɗe shi. Wasan GoldenEye 007 na Nintendo 64 ya ba da wannan zaɓi tun 1997, lokacin da irin wannan talabijin bai yaɗu a gidaje ba.

Ta uku, wadda ta fi jawo ce-ce-ku-ce, ita ce datse sama da ƙasan hoton har ya dace da allon. Allo ya cika, amma kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin hoton ya tafi. A 2007 masu wasan BioShock sun gano cewa mai allon 4:3 ya fi mai allon 16:9 ganin fili. Bayan ƙorafi ya yi yawa, kamfanin ya fitar da gyara a ƙarshen shekarar.

Yaushe 16:9 ya zama ƙa'ida?

Sauyin ya kankama ne da fitowar Xbox 360 a 2005, inda Microsoft ya buƙaci wasanni su yi aiki da hoto mai ɗigo 1280 a faɗi da 720 a tsayi. PlayStation 3 ta biyo baya a 2006. Ita kuwa Wii, wadda ta fito a shekarar, ta tsaya a layi 480, tana amfani da dabarar matsewa.

Me ya rage a yau?

Batun bai mutu ba, domin kamfanoni na sake sayar da tsofaffin wasanni. A tarin Super Mario 3D All-Stars na 2020, Nintendo ya faɗaɗa Super Mario Sunshine zuwa 16:9, amma ya bar Super Mario 64 a 4:3. Haka kuma PlayStation 5 ba ta fitar da hoto a ma'aunin 21:9 na allunan kwamfuta masu tsananin faɗi.

Akwai kuma batun adalci. A wasan gasa, wanda ke hango gefe fiye da abokin karawarsa ya riga shi ganin haɗari, don haka faɗin hoto na iya sauya sakamako.

Ga mai saye, alamar 16:9 a jikin kwali ba ta isa hujja ba. Gwajin mai sauƙi ne: a tsaya wuri guda a cikin wasan, a sauya ma'aunin a saitin na'ura da na talabijin, sannan a duba. Idan sabon fili ya bayyana a gefe, an samu ƙari. Idan sama da ƙasa suka ɓace, ragi aka yi. Idan kuwa da'ira ta zama ƙwai, gara a koma 4:3 a haƙura da baƙaƙen sandunan.