Idon Lantarki: Yadda Na'ura ke Ganin Haske

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana aron kalmar ido don sanya wa abubuwa suna, alal misali idon sawu da idon ruwa. Bisa wannan ƙa'ida ne maƙalar nan ta kira ɗan mitsitsin abin da ke tsinkayar haske a cikin na'ura da sunan idon lantarki. Za a duba yadda yake aiki, tare da misalai biyu daga Ƙaramar Hukumar Tarauni ta Kano.

Yadda Yake Aiki

Ana sassaƙa wannan ido ne a jikin ɗan fallen silikon, ma'adinin da ake tacewa daga yashi. Idan haske ya faɗa masa, sai ya zaburar da ƙwayoyin lantarkin da ke ciki, su kwarara. Gwargwadon ƙarfin haske, gwargwadon yawan wutar da za ta gudana. Ita kuwa na'ura wutar take aunawa, ta mayar da ita alƙaluma. Albert Einstein ne ya bayyana tushen wannan al'amari a 1905. A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙago hanyar jera irin waɗannan idanu a falle guda don ɗaukar hoto, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009.

Kasuwa da Asibiti

A kasuwar wayoyi ta Farm Centre, idan mai saye ya tambayi megafiksel ɗin kyamara, yawan idanun nan yake tambaya, domin megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne. Sai dai yawa ba shi ne kyau ba: ƙananan idanu haske kaɗan suke kamawa, shi ya sa hoton dare kan fito da dishi-dishi.

A Gyadi-Gyadi kuwa, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, aikin idon ya shafi rai. Akwai 'yar na'urar da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar oksijin a jini, wadda Takuo Aoyagi na Japan ya gano dabararta a 1972. Takan harba haske iri biyu ta cikin yatsa, watau ja da wani wanda idon mutum ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ba ya shanye jan sosai, wanda ya rasa kuwa yakan shanye shi. Idon da ke ɗaya ɓarin sai ya auna abin da ya tsallake.

A nan ne gizo ke saƙar. Sinadarin da ke sa fata duhu shi ma yana shan haske. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa na'urar ta kasa gano ƙarancin oksijin a baƙaƙen fata kusan ninki uku na yadda ta kasa a farare. Lalle mai duhu a farce ma yana iya rikita awon.

Kammalawa

Saboda haka idon lantarki ba gani yake yi irin na mutum ba, awo yake yi, awo kuwa yana da iyaka. Wajibi ne masana harshe su samar da kalmomin da za a yi wa majinyaci wannan bayani da Hausa, domin ya fahimci dalilin da ya sa likita kan nemi a ɗebi jini ko da na'ura ta ce lafiya lau.