Babi na 9: Kwana 28 na Farko

Duk wanda ya taɓa leƙa layin awon ciki a asibiti ya san ƙwayoyin nan biyu da ake ƙirga wa mata: ja ta ƙarin jini, da 'yar ƙarama ruwan ɗorawa. Ta biyun ita ce folik asid. A ganina babu maganin da ya kai ta arha da amfani, kuma babu wanda ake bayarwa a makare kamarta. Mace ta je awo ciki yana wata huɗu ko biyar, alhali babban aikin da ƙwayar za ta yi wa jariri ya wuce tun watan farko.

A mako na uku bayan shigar ciki, abin da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya wani ɗan shimfiɗaɗɗen fili ne a bayan ɗan tayi. Gefunansa biyu sukan ɗago su haɗu su zama bututu, haɗuwar tana farawa daga tsakiya ta nufi sama da ƙasa, kamar yadda tela ke haɗa bakin yadi biyu da ɗinki. Wajen kwana 28 an gama. Idan saman ne bai rufe ba, sai a haifi jaririn da ƙoƙon kansa da ƙwaƙwalwarsa ba su cika ba, kuma ba ya rayuwa. Idan ƙasan ne, sai a haife shi da ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, ƙafafu sau da yawa ba ƙarfi, fitsari da bayan gida ba riƙo, galibi kuma ruwa ya taru masa a kai. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta jarirai kusan 300,000 ake haifa da irin wannan lahani kowace shekara a duniya. A lura da lokacin: kwana 28 bayan shigar ciki, mace ba ta wuce mako biyu da ɓatan wata ba. Wata ma ba ta fara tunanin komai ba.

To, a nan ne nake gajiya da maganganun da ake yi idan aka haifi irin wannan yaro. An ce uwar ta fita da tsakar rana. An ce ta zubar da ruwan zafi da magariba ba ta yi bisimilla ba, ta ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. An ce ta yi wa nakasasshe dariya, ko kishiya ce ta yi mata aike. Idan kan yaron ya girma, sai a rage murya a ce ɗan ruwa ne, ba mutum ba. Haba jama'a! Duk abin da aka lissafa ɗin nan, a wane wata ake cewa ta yi shi? Galibi sai ciki ya fito kowa yana gani, lokacin da gadon bayan yaron ya riga ya yi watanni da rufewa ko rashin rufewa. Ba inda uwa ta taka da ya buɗe bayan ɗanta. Amma ita ke kwana da zargin, wani lokaci har aurenta ya girgiza, yaron kuma a ɓoye shi a ɗaki maimakon a kai shi wurin likitan tiyata a kwanakin farko, lokacin da rufe wurin ke hana ƙwayoyin cuta hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Musulmi ya san komai da ƙaddara yake, ya kuma san an umarce shi da neman sababi. Sababin nan kuwa an same shi.

Labarin samunsa ya faro ne daga birnin Bombay na Indiya, kuma ba a kan jarirai ba. Wata likita Baturiyar Ingila mai suna Lucy Wills ta je can a ƙarshen shekarun 1920 don binciken wani mugun ƙarancin jini da ke kashe mata masu ciki, musamman matalauta masu aiki a masaƙu. Ta fara da zaton ƙwayar cuta ce, ba ta samu ba. Sai ta koma duba abin da matan ke ci, ta riƙa gwada abinci iri-iri a kan ɓeraye da birai. Abin da ya tayar da su, daga baya ya tayar da matan, shi ne wani baƙin abu mai danƙo da gishiri da Turawan Ingila ke shafa wa burodi, wanda ake yi daga yisti, sunansa Marmite. Ta wallafa sakamakon a 1931. Ba ta san mene ne a cikinsa ke aikin ba, don haka shekara da shekaru ana kiran abin da sunanta kawai. Sai a 1941 aka tace shi daga ganyen alayyafon Turawa a Amurka, shi ne folik asid ɗin nan. Ina son wannan labari domin babu wata na'ura mai tsada a ciki. Mace ce ta tsaya ta tambayi talakawa me suke ci, tambayar da har gobe ba kowane likita ke da lokacin yi ba.

Yadda sinadarin ke aiki a jiki dogon zance ne na masana. A taƙaice, duk ƙwayar halittar da za ta rabu biyu tana bukatarsa don kwafe bayanan gadonta, kuma babu inda ake rabuwa da sauri kamar jikin ɗan tayi. Ya isa haka.

Wanda ya haɗa shi da lahanin gadon baya shi ne Richard Smithells, likitan yara a Ingila. Tun shekarun 1960 shi da abokin aikinsa Bryan Hibbard suka lura da alaƙar. A 1980 Smithells ya nuna cewa matan da suka taɓa haihuwar yaro mai wannan lahani, idan suka sha ƙwayar bitamin tun kafin wani cikin, ba kasafai abin ke maimaituwa ba. Aka ƙi yarda, domin matan da suka sha su ne suka zaɓi sha, wataƙila dama sun fi sauran kula da kansu. Sai Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta shirya babban gwaji ƙarƙashin Nicholas Wald: mata 1,817 a cibiyoyi 33 cikin ƙasashe 7, aka raba su ta ƙuri'a. Cikin waɗanda suka sami folik asid, ciki 6 ne ya zo da lahanin, cikin waɗanda ba su samu ba 21. Raguwar kashi 72 cikin ɗari ke nan. Aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa, don ci gaba da hana wasu matan ƙwayar ya zama zalunci, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1991. Shekara ɗaya bayan haka Andrew Czeizel a Hangari ya nuna tana kare matan da ba su taɓa haihuwar irin yaron ba. A 1999 bincike a kan mata kusan dubu 250 a ƙasar Sin ya tabbatar cewa 0.4 na miligiram a rana ya wadatar, har a arewacin ƙasar, inda lahanin ya fi yawa, raguwar ta kusa kashi 80 cikin ɗari.

Sai dai ciki ba ya sallama. Shi ya sa Amurka da Kanada a 1998 suka wajabta zuba sinadarin cikin fulawa tun daga masana'anta, Afirka ta Kudu ta bi a 2003 har da garin masara. A Kanada lahanin ya ragu da kashi 46 cikin ɗari. Abin mamaki, Birtaniya da ta yi gwajin sai a 2021 ta sanar da za ta yi haka, bayan shekara 30 ana muhawara. Mu kuwa a nan dabarar ba ta isa ko'ina ba, domin gero da dawa da masarar tuwonmu a injin niƙa na unguwa ake niƙa su, ba su bi ta wata masana'anta ba. Akwai sinadarin a alayyafo da wake da gyaɗa da hanta, amma doguwar dahuwar miya tana lalata kaso mai yawa. Ƙwayar dai ita ce tabbas.

Ba kowane lahani folik asid ke hanawa ba. Wani daga gado yake, wani daga ciwon sukarin uwa da ba a daidaita ba, wani daga cuta, kamar yadda likitan ido Norman Gregg ya gano a Ostareliya a 1941 cewa ƙyandar Jamus kan sa a haifi jariri da yana a ido. Wani kuma magani ne da kansa. Daga 1957 zuwa 1961 an sayar da talidomaid a Jamus ta Yamma da wasu ƙasashe a matsayin maganin barci da tashin zuciyar masu ciki, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da guntayen hannaye da ƙafafu ko babu su. Amurka ta tsira ne saboda Frances Kelsey, ma'aikaciyar hukumar magunguna, ta kafe sai an kawo mata hujja. Har yau akwai maganin farfaɗiya mai suna balfurowet da kan jawo buɗewar gadon baya a ciki 1 zuwa 2 cikin ɗari. Mai shansa kada ta daina da kanta, ta ga likita tun kafin ciki. Masu sayen magani a tire a tasha su ji.

Tunda na ambaci ruwan kai, bari in ratse. Maganinsa na yau da kullum siririn bututu ne da ake sawa ƙarƙashin fata, ya janye ruwan daga kai zuwa ciki, kuma babbar matsalarsa toshewa. A 1960 wata tasi ta buge keken jaririn marubucin nan Roald Dahl a birnin New York, raunin ya tara wa yaron ruwa a kai, bututun da aka sa masa ya yi ta toshewa. Uban bai san komai a likitanci ba, amma ya haɗa wani injiniya abokinsa, Stanley Wade, da likitan ƙwaƙwalwa Kenneth Till, suka ƙera sabon murfin bututu a 1962, dubban yara suka amfana, su ukun kuma ba su karɓi riba ba. A garin Mbale na Yuganda kuwa, likita Benjamin Warf ya gano yawancin yaran da ake kawo masa da babban kai cutar da suka kamu da ita bayan haihuwa ce sanadi, ya kuma inganta tiyatar da ke buɗe wa ruwan hanya a cikin ƙwaƙwalwa ba tare da bututu ba. Wannan shi ne yaron da wasu ke cewa a mayar wa ruwa.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa gajere ne: 0.4 na miligiram kullum, tun mace tana shirin ɗaukar ciki har ya kai mako 12, sannan ta ci gaba tare da na ƙarin jini. Wadda ta taɓa haihuwar yaro mai lahanin, likita zai ba ta mai ƙarfi, miligiram 4 ko 5. Kada a ce tunda tana da kyau a ninka: mai miligiram 5 tana rage ƙarfin Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki, don haka ba a haɗa su sai da shawarar likita.

Saura kunya. Amarya ba ta faɗin cikin fari ko ga uwarta, balle ta je awo a watan farko, kuma ba na jin wa'azi zai sauya wannan. Ba sai an sauya ba. Ran gini ran zane: yanzu da gwajin jini kafin aure ya fara kama ƙasa, ango da amarya suna zuwa asibiti da ƙafarsu tun babu ciki. A teburin da ake miƙa musu sakamakon gwajin sikila, a nan ya kamata a miƙa mata ƙwayar, a kuma gaya wa angon cewa idan ta ƙare shi zai sayo wata.