Sawaba da Wahalhalun Neman Ƴancin Nijar

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai ranar 3 ga Agustan 1960, jam'iyyar da ta riga kowa neman Faransa ta sallami ƙasar nan take ba ta cikin masu shagali, domin an haramta ta tun watan Oktoban 1959, shugabanta Djibo Bakary kuwa yana gudun hijira. Wannan jam'iyya ita ce Sawaba, kuma ƙarfinta ya fi yawa a ƙasar Hausa, wato Maraɗi da Tasawa da Damagaram, inda direbobi da teloli da mahauta da ƙananan ƴan kasuwa suka rungume ta saboda sun gaji da haraji da danniyar masu mulki.

Bakary malamin makaranta ne da ya koma jagoran ƙungiyoyin ƙwadago, ya zama magajin garin Yamai na farko a 1956, sannan a 1957 ya shugabanci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa a ƙarƙashin dokar da Faransa ta kafa don ba yankunan mallakarta ɗan iko a harkokin cikin gida. A 1958 Janar de Gaulle na Faransa ya kira ƙuri'ar raba gardama, inda aka tambayi kowane yanki ko zai zauna cikin tarayya da Faransa ko zai fice nan take, sai Bakary ya nemi jama'a su ce a'a, kamar yadda Sékou Touré ya yi a Gini. Faransa ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya janye sarakunan gargajiya daga Sawaba ya kuma matsa wa magoya bayanta lamba. Da aka kaɗa ƙuri'a ranar 28 ga Satumba, kusan kashi 78 cikin ɗari suka ce i, ko da yake waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 na masu rajista ba, abin da ya isa ya sa mai nazari ya yi shakkar cewa sakamakon muryar talakawa ce zalla. Kafin shekarar ta ƙare mulki ya koma hannun Diori Hamani na jam'iyyar RDA, wanda ɗan'uwan Bakary ne na jini.

Daga nan wahala ta sauka a kan mabiyan Sawaba. An kori wasu daga aiki, an ɗaure wasu, da yawa kuma suka tsallaka iyaka zuwa Katsina da Kano, inda ƴan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano suka ba su masauki. Wanda ya san ƙasar da ke kudu da Maraɗi, daga Madarunfa zuwa Gabi da Ɗan Isa, inda dangi ɗaya ke zaune a ɓangarori biyu na iyaka kuma dajin Babban Rafi ya shimfiɗu, zai gane dalilin da ya sa hukuma ba ta iya toshe irin wannan hanya ba, da kuma dalilin da ya sa ta riƙa kallon mutanen bakin iyaka da idon zargi.

Tarihin Amurka yana taimakawa wajen gane abin da Sawaba ta rasa. Rundunar George Washington ta sha azaba a sansanin Valley Forge cikin hunturun 1777 zuwa 1778, inda cuta da yunwa da sanyi suka kashe sojoji kusan 2,000 cikin kimanin 12,000, amma a watan Fabrairun 1778 Faransa ta ƙulla ƙawance da su, ta aiko da kuɗi da jiragen ruwa da mayaƙa, har aka tilasta wa rundunar Ingila miƙa wuya a Yorktown a 1781. Faransar da ta tallafa wa Amurkawa don ta karya kishiyarta Ingila ita ce ta tsaya bayan Diori da sojojinta, yayin da ƙawayen Sawaba, wato Gana ta Kwame Nkrumah da Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa, ba su ba ta abin da ya wuce horo da kuɗi da ƴan makamai ba.

A watan Oktoban 1964 mayaƙan Sawaba, waɗanda Usman Ɗan Galadima na Madawa yake cikin manyan jagororinsu, suka shigo ƙasar ƙungiya-ƙungiya ta iyakoki daban-daban da fatan jama'a za su tashi su mara masu baya. Gwamnati ta riga ta samu labari, ta kuma sa ƙauyuka farautar su, aka kashe wasu, aka kama saura, aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai. Bayan an jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla a Afrilun 1965 ya tsira, kame ya ƙara tsananta, aka kai fursunoni gidajen yari masu nisa, inda wasu suka mutu saboda duka da rashin abinci.

Waɗanda suka rage a tsare sun fito bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilun 1974. Bakary ya dawo gida, amma sojoji suka kama shi a 1975 bisa zargin shirya maƙarƙashiya, ya yi shekaru a tsare kafin a sake shi, ya kuma rasu a Yamai a watan Afrilun 1998.