Jirgin da Aka Zuba wa Laba a Madadin Kilo

Ranar Asabar 23 ga Yuli 1983, wani jirgin kamfanin Air Canada ƙirar Boeing 767 yana tsaye a filin jirgin Montreal, zai tafi Edmonton, tafiyar kusan kilomita 3,000, da ɗan ya da zango a Ottawa. Sabo ne dal, watanni kaɗan da sayensa, amma allon da ke nuna yawan mai a tankunansa ya mutu murus. Sai aka koma tsohuwar hanya. Ma'aikatan ƙasa suka zaro sandunan awo daga ƙarƙashin fukafukai, suka karanta santimita, suka duba jadawali, ya ba su lita 7,682.

Motar mai da lita take zubawa, shi kuwa jirgi da nauyi ake yi masa lissafi, kuma tafiyar ranar tana bukatar kilo 22,300. Aikin ke nan a mayar da litocin da ke cikin tanki zuwa kilo, a ga abin da ya rage, a sake mayar da ragowar lita domin mai mota ya san nawa zai ƙara.

Mu a Nijar wannan ba ya ba mu ciwon kai sosai, don awo ɗaya muka gada daga Faransa: yaron lakwal a Tawa ya san giram 1,000 shi ne kilo, mita 1,000 kilomita, ko'ina sifili ake ƙarawa ko a rage. Kanada kuwa, kamar Nijeriya, da awon Ingila ta tashi, na laba da galan da mil, sai a shekarun 1970 ta fara sauyawa, kuma a 1983 ba ta gama ba. A lokacin, sauran jiragen Air Canada duk da laba ake auna musu mai. Ƙirar 767 ce ta farko da ta zo da kilo. Laba ɗaya giram 454 ce, wato kilo guda ya ɗara laba biyu, laba 2.2.

Da aka nemi lambar da za a ninka lita da ita, aka kawo 1.77, lambar da ke kan takardar mai zuba man, wadda aka saba aiki da ita kullum. Lambar gaskiya ce, sai dai ta laba ce: lita ɗaya ta man jirgi nauyinta laba 1.77. A kilo kuwa 0.8 ne. Suka ninka 7,682 da 1.77, suka sami 13,597, suka ɗauka kilo ne. Suka cire daga 22,300, saura 8,703. Suka raba da 1.77, ya ba da lita 4,917, aka zuba. Da sun yi da 0.8, abin da ke cikin tanki bai wuce kilo 6,200 ba, kuma lita sama da 20,000 ya kamata a ƙara. Jirgin ya tashi da laba 22,300 daidai wa daida, wato kilo 10,100, bai ko kai rabin abin da ake bukata ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu kuskure ko ɗaya a ninkawar da rabawar. An sake duba lissafin, ya fito daidai, don duk wanda ya duba da 1.77 ɗin ya duba. A Ottawa ma an sake zaro sanduna an auna, aka ninka da lambar laba, aka sami natsuwa. Ba wanda ya tsaya ya tambaya: 1.77 na mene ne? Alhali lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, mai kuma a saman ruwa yake tasowa. Yaron da ke ɗora jarkoki a amalanken jaki a Kalfu, in ya taɓa ɗaga jarkar esans, hannunsa ya gaya masa ta fi ta ruwa sauƙi. In ka ce masa litar mai ta kusa kilo biyu, dariya zai yi maka.

Akwai dalilin da ya sa ba a tambaya ba. A tsofaffin jirage mutum uku ne a gaba, na ukun injiniya ne, lissafin mai aikinsa ne. Wannan sabon mutum biyu ke tuƙa shi, kuma kamfanin bai fayyace wa aikin ya koma hannunsa ba idan allo ya mutu.

Kyaftin Robert Pearson da mataimakinsa Maurice Quintal suka shigar da kilo 22,300 ɗin a kwamfutar jirgin da hannu, ita kuma ta yi ta ragewa daga abin da aka faɗa mata, tana nuna musu mai ya wadata. Suna sama da garin Red Lake a lardin Ontario, a tsayin mita 12,500, ƙararrawa ta buga: famfon man hagu ya rasa ƙarfi. Suka zaci famfon ne ya lalace. Ta sake bugawa, suka juya zuwa Winnipeg. Injin hagu ya mutu, ba a jima ba na dama ya bi shi. Allunan gabansu suka yi baƙi, da mutum 69 a cikin jirgin, fasinja 61 da ma'aikata 8. Wata ƙaramar fanka ta gaggawa ta sauko daga cikin jirgin, iska na juya ta, ita ce ta bar musu ɗan ƙarfin sarrafa fukafukai.

Cikin ikon Allah, Pearson gwani ne wajen tuƙa jirgi marar inji, irin mai shawagi da iska kaɗai. Quintal ya ɗauki lissafi: a duk kilomita 19 suna sauka mita 1,500. Ba za su kai Winnipeg ba. Sai ya tuna da Gimli, wani tsohon sansanin sojan sama inda ya taɓa aiki. Abin da bai sani ba, an mayar da ɗaya daga cikin hanyoyin saukar filin tseren motoci, kuma ranar akwai taro, iyalai sun kafa tantuna a ƙarshenta.

Da suka hango filin, sun yi sama da yawa, ba kuma halin zagayawa a dawo. Pearson ya sunkuyar da fiffike ɗaya, ya karkata hancin ɗaya gefen, ƙaton jirgin ya riƙa gangarowa a kaikaice, dabarar da ake yi da ƙananan jirage. Tunda babu inji babu ƙara, mutanen ƙasa ba su ji zuwansa ba sai da ya iso kansu, ga wasu yara a kan kekuna a tsakiyar hanyar. Ya taka birki, tayoyi biyu suka fashe. Tayar gaba, wadda dama ba ta kulle ba, ta lanƙwashe, hancin ya riƙa gugar kwalta yana tartsatsi, wannan gugar ce ma ta taimaka ya tsaya kafin ya kai ga jama'a. Minti 17 ke nan da mutuwar injinan. 'Yan tsere suka rugo da tukwanen kashe gobara suka kashe 'yar wutar da ta kama a hancin. Ba a rasa rai ba, sai ƙananan raunuka wajen sauka ta bayan jirgin da ya ɗaga sama.

Kamfanin ya rage wa Pearson muƙami na wata shida, ya dakatar da Quintal sati biyu, ya kuma dakatar da makanikai uku. Amma hukumar binciken da Alƙali George Lockwood ya jagoranta, a rahotonta na 1985, ta yaba wa matuƙan a kan saukar, ta ɗora babban nauyin a kan shugabannin kamfanin, waɗanda suka shigo da jirgin kilo cikin jiragen laba ba tare da horar da ma'aikata yadda ya kamata ba. Shi kuwa jirgin, kwana biyu aka yi ana gyaransa a Gimli ya tashi da kansa, ya ci gaba da ɗaukar fasinja har watan Janairu 2008.