3.2 Ramar Jiki da Tsawon Rayuwar Masu Ciwon Daji a Ƙasar Yauri

Rama tana daga cikin alamomin da likitoci ke dubawa domin hasashen yadda mai ciwon daji zai kasance idan cutar ta yi nisa. Wannan rama ta bambanta da ta yunwa, domin cutar ce da kanta ke cinye tsoka da kitse, har ta kai ga abinci kaɗai ba ya mayar da abin da jiki ya rasa. A shekarar 2011 masana suka amince cewa duk majinyacin da ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin wata shida, to ya shiga wannan hali.

Wani bincike na shekarar 2015 a kan majinyata fiye da 8,000 a Kanada da Turai ya nuna cewa masu jiki waɗanda nauyinsu bai ragu ba sun rayu kimanin wata 21, alhali sirara waɗanda suka rame ƙwarai ba su wuce wata 4 da 'yan kwanaki ba. Sai dai ƙirar jiki ta bambanta tsakanin al'ummu. Dalili ke nan da ya sa a shekarar 2004 kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar wasu iyakokin nauyi na daban ga mutanen Asiya.

A ƙasar Yauri lamarin yana da nasa siga. Tun bayan kammala madatsar Kainji a 1968, masunta da manoman Yauri da Ngaski da Shanga suke mu'amala da ruwan tafki, inda tsargiya ke yaɗuwa, kuma tsargiyar da ta daɗe tana iya kai wa ga dajin mafitsara. Haka kuma ciwon hanta nau'in B da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna suna haifar da dajin hanta. A irin wannan, ruwa kan taru a ciki, ƙafafu su kumbura, sikeli ya nuna nauyi alhali tsoka ta zube.

Saboda haka bai kamata ma'aikacin lafiya ya dogara ga sikeli kaɗai ba. Ya dace ya auna kaurin dantse, ya tambayi dangi lokacin da tufafi suka fara yi wa majinyaci yawa, sannan ya gaggauta tura shi babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tun jiki yana da ƙarfin ɗaukar magani.