Daga Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru Ta Koma Ta Awa Huɗu Da Rabi

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya san tambayar da tsofaffi kan yi, wato yaushe za a isa? Amsar ba ta da wuya. Tsakanin Kano da Jidda akwai nisan kimanin kilomita 3,400, wato mil 2,100 da 'yan kai, idan an miƙe sak. Jirgin fasinja yakan ci wajen kilomita 850 a awa guda, saboda haka in an haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan ɗauki awa huɗu da rabi zuwa biyar idan ba a yi zagaye ba.

Abin da kan rikita alhazai shi ne agogo, domin Saudiyya na gaban Nijeriya da awa biyu. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 10 na dare zai sauka wajen biyu da rabi a agogon gida, amma a can huɗu da rabi ta yi, asuba ta gabato. Ga kuma zancen harami. Wanda zai zarce Makka ba ya da sararin da kakanninsa suka samu, don jirgi ba ya tsayawa a miƙati, dole ya kintsa tun kafin a sanar.

Hanyar da jirgin ya saba bi kafin 2023 kuwa, kusan ita ce dai ta mutanen da. Su sukan bi ta Yerwa, su ratsa ƙasar Chadi ta Abeshe, su faɗa Fashir, su isa Hartum, sa'an nan Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wasu kan yi shekara da shekaru, suna tafe suna yada zango suna ƙwadago a gonakin auduga don neman guzuri. Da yawa ba su ƙarasa ba, ba su kuma komo ba, jikokinsu ne Hausawan da ke Sudan a yau. Har jiragen farko da suka sauka a Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, guda uku na sojan Ingila, ta Sudan suka biyo daga Masar.

To, wannan dogaro da Sudan bai ƙare ba, ko da yake mai zaune a kujerar jirgi yakan manta da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Da yaƙi ya ɓarke a Hartum cikin Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana dab da fara jigilar alhazai. Tilas jiragen suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙaru, man da ake sha ya ƙaru, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera, bayan maniyyata sun riga sun biya, wasunsu ma sai da suka sayar da gona ko shanu.